Ranar da Baba Ya Cire Safa

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Laraba ne, kuma ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah. Mu huɗu ne a zauren gidanmu da ke unguwar Gwallaga: ni, da mahaifina, da ƙanwata mai karatun jami'a a Gubi, sai aminin Baba, wani dattijo Kirista daga wajen Bogoro, tsohon ma'aikacin asibiti. Ni na kira shi, ba da sanin Baba ba.

Baba tsohon ɗan tauri ne. Duk unguwa an san wuƙa ba ta kama shi. Amma abu uku na lura da su a makon nan. Na farko, ya fara sa safa a tsakiyar zafin bazara. Na biyu, ya daina zuwa masallaci. Na uku, ɗakinsa ya soma wari. Ga shi da ciwon suga. Na yi masa magana sau biyu, ya kore ni.

Dattijon ya zauna, ya dubi ƙafar.

"Sarkin tauri, sanyi kake ji ne, ko ango za ka zama?"

"Kai dai ba ka rabo da tsokana," in ji Baba. "Lafiyata ƙalau."

Dattijon bai matsa masa ba. Sai ya kawo hirar wani maharbi na duwatsunsu da kakarsa ke ba su labari, wanda kibiya ba ta huda shi ko'ina sai a hammata. Ƙanwata ta ce su ma Turawa suna da nasu jarumin, a dunduniya aka same shi. Na harare ta don tana sa baki a maganar manya. Yanzu na san na yi kuskure, domin nan ne Baba ya gyara zama.

"Ai ko'ina haka ne," ya ce. "Mu ma kowane tauri da maƙarinsa. Shi ya sa namiji ke ɓoye lagonsa."

"Daga maƙiyi ake ɓoyewa," in ji dattijon. "To, a zauren nan wane ne maƙiyinka? Ni, ko 'ya'yanka? Nan da kwana uku ba safa za a cire ba, ƙafar za a cire."

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya sunkuya ya zare safar da hannunsa. Ƙusa ce ya taka kwana tara da suka wuce, wurin ya yi baƙi. Kunyar a ce ƙarfe ya ci shi ta fi masa ciwon zafi.

"Kada 'yan unguwa su ji," ya ce a hankali.

Ƙarfe biyar muka sa shi a keke mai ƙafa uku, sai asibiti. An yanke yatsa ɗaya, ƙafar ta tsira. Bayan wata biyu da ƙafarsa ya koma sahun farko a masallaci, kuma da bakinsa ya ba abokansa labarin.

Abin da na koya shi ne, duk ƙarfin mutum yana da wurin rauni, kuma ɓoye shi ga masu ƙaunarsa ne ke kashe shi. Ina roƙonka mai karatu, in kana da tsoho mai ciwon suga a gida, yau ɗin nan ka durƙusa ka duba ƙafarsa, ko da zai yi maka faɗa.