Hunar Beg Ba Ya Bi Ta Tsakiyar Tabki

Hunar Beg manomin dankali ne, kuma har furfura ta fara fito masa bai taɓa sa ƙafa cikin jirgin ruwa ba. Mutum ne mai faɗin kafaɗa da ƙaramar murya, in ya yi dariya sai ya rufe baki da hannu kamar ya yi laifi. Duk wanda ya sha shayi mai gishiri a gidansa ya san ba a tashi sai an cusa maka tuffa a aljihu. Allah ya jiƙansa, ya yi masa rahama.

Shekarar da dutse ya zaftaro ya toshe kogin kwarinmu, ruwa bai zo da gudu ba. A hankali ya riƙa hawa, yau ya ci gona, gobe ya lashi bango. Mutane suka ciccire ƙofofi da katakon rufi suka hau tudu. Hunar ya kwashe duk abin da hannu zai iya ɗauka, amma kabarin mahaifiyarsa, Bibi Sitora, ba abin ɗauka ba ne. Yana tsaye ruwa ya rufe shi.

Da hanyar mota ta nutse, aka kawo jirage masu inji daga ƙasan kwari. Gona ta tafi, sai ya koyi tuƙi. Daga baya aka gyara hanya, amma ruwan ya yi wani irin shuɗi mai ɗaukar ido, baƙi suka riƙa zuwa daga birane don a zaga da su.

A farko duk ɗan garin da ke tuƙi yana kauce wa tsakiyar tabkin, domin nan maƙabarta take. A wurinmu ba a taka kabari, kuma ba wanda ya ga bambanci don ruwa ya shiga tsakani. Kaucewar ce ba sauƙi. Ta yamma kawunan dogayen bishiyoyin garin suna nan ƙarƙashin ruwa, suna kama farfela. Ta gabas sai an bi gindin wani tsauni mai tsagi a ƙirji, wanda ba ya rabuwa da zubar tsakuwa. Da shekaru suka ja, matuƙa suka fara miƙewa ta tsakiya ɗaya bayan ɗaya, suna karanta Fatiha a gurguje. Hunar kaɗai ya rage a gindin tsauni.

Daulat, wanda jirginsa ke kwana kusa da nasa, kullum sai ya tsokane shi.

"Manomin dankali, ka dawo daga zagaya duniya? Na kai mutanena na dawo har na sha shayi."

"Sha abinka. Ni ban iya bi ta kan fuskar tsohuwa ba."

"Haba ɗan'uwa! Tawa ma tana can, ai maƙwabta ne. Tana jin ƙarar injina ta san ɗanta na neman abinci."

Hunar ya rufe baki ya yi dariyarsa.

A bana ƙanƙara ta narke da wuri. Tsagin ya fara tsiyayar ruwa mai laka, tsakuwar ta koma duwatsu kamar kan akuya. Makiyaya suka janye dabbobinsu daga wannan gefe. Wata rana Hunar ya dawo da lotsawa a rumfar jirginsa. Matarsa Roshan ta shafa wurin da hannu, ta dube shi.

"Baban Nigor, da a ce Inna tana da baki, wallahi ita za ta fara cewa ka bi ta kanta."

"Na sani."

"To?"

"Hannun ne ba ya yarda, Roshan. In na doshi wurin sai in ga kamar tana kwance tana kallon cikin jirgi."

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, gari garau, ba ko iska. Wani baƙo daga birnin Lahor ya zo da matarsa da yara, yana so a kai su ɗaya bakin tabkin, inda motarsu za ta tare su. Hunar ya ɗaura wa kowa rigar ruwa mai hana nutsewa da hannunsa, ya tayar da inji. Yaran suna waƙa, suna tsoma yatsu cikin ruwa suna ihun sanyi.

Suna dosar tsaunin ya ji wani gurnani wanda ba na injinsa ba. Ya ɗaga kai. Ƙura tana fita daga tsagin siririya, kamar hayaƙin murhu. Tsuntsayen da ke zama a wurin babu ko ɗaya.

Baƙon ya nuna da wayarsa, yana murna. "Mai jirgi, matsa da mu can mana, mu ɗauki hoto!"

Hunar ya dubi yaran. Ƙaramar ta yi barci a cinyar uwarta, bakinta a buɗe. Ya kama hannun injin da hannu biyu ya karkata shi, jirgin ya juya ya miƙi tsakiya. Matuƙan da ke bakin gaɓa suka miƙe tsaye, don ba su taɓa ganin jirginsa a wannan layi ba.

Bai dubi ruwan ba. Leɓunansa suna motsi, zufa tana bin wuyansa cikin wannan sanyi. Baƙon ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce, "Gidanmu ne nan ƙasa, yallaɓai. Ku ɗan yi shiru mu wuce." Yaran ma suka yi tsit.

Ya sauke su lafiya. Daulat, da ya kawo nasa fasinjan, ya tarar da shi zaune a bakin jirgi. Wannan karon bai tsokane shi ba.

"Ka yi daidai, ɗan'uwa. Zo mu koma tare, ina gaba kana baya."

"Je ka, ina zuwa."

"Ta tsakiya fa, Hunar."

"Na taka ta sau ɗaya saboda 'ya'yan mutane. Yanzu saboda wa zan taka ta?"

Daulat ya roƙe shi, ya zage shi, ya sake roƙonsa. Hunar ya kwance igiya kawai.

Daga tsakiyar tabki Daulat yana hangensa, jirgi ɗaya tilo yana bin gindin tsauni a hankali. Sai ƙirjin tsaunin ya buɗe. Ƙarar ta zo daga baya, bayan ƙura ta riga ta rufe komai. Igiyar ruwan da ta taso ta isa har tasha, ta haɗa jiragen da ke ɗaure suna gwara kai.

An yi ta nema har aka gaji. Aka sami wani ɓallen rumfa da rigunan ruwan da ya cire wa yaran. Shi kuwa ba a same shi ba. Aka yi masa addu'a a bakin gaɓa, ba gawa a gabanmu, Roshan tana zaune a kan dutse ta ƙi a tashe ta har rana ta yi sanyi.