Akwatin da Ya Tada Kakana

Ranar wata Laraba ce, cikin damanar da na shiga aji huɗu, anka yi gayyar maimai a gonar geronmu ta hanyar Magarya. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga Kawu Bawa, ƙanen innata, wanda ya dawo daga cirani da jita a kafaɗa, batirin mota bisa jaki, da wani ɗan baƙin akwati da bai kai kwandon kaza ba. Ya ce da shi zai sa kakana ya ji takensa. Mutane sunka yi ta dariya har wani ya yar da hauya.

Kakan nawa shi ne gwanin noman garinmu a zamaninsa, amma shekara bakwai ke nan kunnuwansa sun toshe. Ko aradu ta faɗi sai ya ce wa ke sallama. Tun da ya daina jin kiɗan da makaɗa ke yi mai, ya rataye hauyarsa ya ce noma ba take aikin jaki ne. Ranan ma jawo shi munka yi da ƙyar, ya zauna ƙarƙashin gawo bisa kifaffen turmi yana hararar kowa. Da na tsokane shi da hannu, sai ya ce, "Kai ja'iri, mi wanga akwati za ya yi min? Hura aka damawa ciki?"

Kawu ya maƙala wayoyi, jar fitila ta kama, ya murɗa wani ɗan maɓalli ya taɓa tsirkiya guda. Wallahi na rantse tsuntsayen garinmu Wurno har yau ba su gama dawowa ba! Matan da ke ɗauke da ƙoren fura sunka tsaya cik. Amma tsoho ko gezau. Kawu ya kaɗa taken har zufa ta jiƙa mai riga, tsoho na kallon gajimare. Dariyar mutane ta mutu, kunya ta rufe mu duka.

Sai Kawu ya ɗauki akwatin ya jingina shi da turmin, ya ƙure muryar akwatin ya sake kaɗa taken. Na ga kakana ya zabura, don rugugin kiɗan ya bi ta turmin ya shiga jikinsa. Ya aza tafin hannunsa bisa ragar akwatin, ya runtse ido, yatsun ƙafarsa sunka fara motsi cikin rairayi daidai da kiɗan. Ya daɗe haka, hawaye na bin gemunsa. Can ya miƙe ya fizge hauyar babana ya ce, "Ku ba ni wuri, ɗiyan yau!" Kunya uku ya nome kafin anka riƙe shi. Ni in ina ba yara labari, talatin nake cewa.

Yanzu kowane biki sai an tara lasifikoki kamar rumbuna, ƙarar har Goronyo, a tashi ba wanda ya ji komai. Turmin nan yana gidanmu har yau, ya tsage, kuma na hana a faskara shi.