Gurgun Baitin da Ka Ba Sanda

Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, ina fitowa daga sallar azahar, babban ɗanka Hashim ya tare ni da labarin cewa Allah Ya karɓi abinSa. NaSa muke, kuma wurinSa kowa zai koma. Malam Siddiƙu, na yi rashin amini, na yi rashin abokin gardama.

Shekara talatin da ɗoriya muna musu guda a zaurenka na unguwar Minanata. Ni marubucin waƙa ne. Sai na auna kari, na ƙirga gaɓoɓi, na yi kwanaki ina farautar amsa-amo. Kai kuwa goge kake ɗauka ka ja abin da ya zo maka nan take. Nakan ce nawa ya fi wuya. Sai ka ɗora tsohon faifan kiɗan jaz ɗin nan da ka taho da shi daga Legas, inda mai busa ke barin hanya ya yi ta yawo, sannan ya dawo daidai inda ganga ke jiransa. Nakan ce hayaniya ce. Kakan yi dariya ka ce, "Malam Gazali, kai kana da abin sharewa. Wanga in ya yi kure, duniya ta jiya."

Ranar bikin ƙanwata Binta na ba ka waƙar da na rubuta ka rera. Baiti na shida gaɓa guda ta faɗi, ban lura ba sai da ka iso shi. Kai ko gezau, ka ja kalmar "gida" ka miƙar da ita, gogen ya cike gurbin. Baitin da aka fi yabona a kansa ke nan. Da muka keɓe ka raɗa mini, "Baitin ga gurgu na, shi as sa na ba shi sanda." Ba ka taɓa faɗa wa kowa ba. Ni kuma girman kai ya hana ni ko godiya.

A zaman makokinka aka ce in ce wani abu. Babu takarda a hannuna, na miƙe, na kasa, na zauna. Wannan da nake rubutawa ma karo na biyar ne. Kai ne da gaskiya, Siddiƙu, kuma ina baƙin cikin ban faɗa maka da ranka ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Hajiya Zakiyya, da Hashim da ƙannensa, Allah Ya ba ku dangana. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya rufe maka kurakuranka kamar yadda ka rufe mini nawa.