Motar Ejvind Mai Kifi

A shekarar 1974 na fara sanin Ejvind Thøgersen, lokacin da na zo koyarwa ƙauyenmu na bakin teku a yammacin Jutland. Mai ƙyafe kifi ne. Rigarsa kullum ƙaurin hayaƙi take yi, maganarsa kuwa sai ka roƙa. Bai taɓa aure ba. Abin hawansa wani keke ne da ake jin ƙararsa kafin a gan shi.

Da ya tsufa ya sayar da rumfar ƙyafe kifinsa, sai muka wayi gari da wata mota ruwan ɗorawa a ƙofar gidansa, 'yar Italiya, mai kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. In ya tayar da ita, tagogin layinmu har rawa suke yi.

A ƙauyenmu ana yafe wa mutum talauci, ana yafe masa arziki ma in ya ɓoye shi. Wanda ba a yafewa shi ne mai nuna ya fi kowa. Ran Lahadi bayan sujada mukan taru a zauren coci mu sha kofi da kek, kuma Ejvind na da kujerarsa kusa da murhu. Lahadin da ta biyo bayan sayen motar, ya shigo ya tarar an ɗora riguna a kanta.

Asta Krogh, gwauruwar da ke zuba kofi, ta dube shi sama da ƙasa.

"A'a, maƙwabci, har yanzu irin kofinmu kake sha? Na ɗauka sai an aiko maka daga Italiya."

"Zuba mini kawai, Asta."

"Da kifin da muka saya ka zama sarki. Ko ƙayar ba ka bar mana ba."

Aka kwashe da dariya. Ya shanye a tsaye ya fita, bai sake shiga zauren ba har sanyi ya wuce. Abin ya ci shi, don teburin nan shi ne danginsa.

Watan Mayu ya kawo ranar tabbatar da yara a coci, wato ranar da ake karɓar su a matsayin cikakkun 'yan coci. Kowane yaro in ya fito cikin fararen kaya, akwai abin hawan da iyayensa suka tanadar ya kai shi gida: wani tarakta da aka yi wa ado da ganye, wani babur. Signe, jikar Asta, ba ta da kowa, don ubanta na can teku a jirgin kamun kifi, kakarta kuwa gara ta mutu da ta roƙi aro.

Da muka fito, ga motar a bakin ƙofa, an goge ta sai ƙyalli take yi.

"Har yau ma sai ya nuna mana?" in ji wani a bayana.

Ejvind ya fito cikin kwat ɗin da ta yi masa kaɗan, ya buɗe ƙofa.

"Signe, in ba ki ƙi warin kifi ba, shigo."

Yarinyar ta dubi kakarta. Asta ta daɗe tana kallon Ejvind, sannan ta ce, "To me kike jira? Ki tattare rigarki."

Sau biyu suka zagaya ƙauye, Signe na ɗaga hannu, sauran yara na ihu. Ya ajiye ta gida ya dawo.

"Saura ke, Asta."

"Ni? A cikin kwandon nan?"

Ta shiga kuwa. Fitowa ce ta gagara. Sai da ni da fasto muka kama ta hannu bibbiyu muka ciro ta, tana zaginmu tana dariya, hularta a karkace.

"Ran Lahadi ka zo da wuri," ta ce masa. "Ba zan yi ta gadin kujerarka ba."

Wajen liyafa na zauna kusa da ita, na ce ban san Ejvind da son yara ba. Ta ajiye cokali.

"Ranar tasa tabbatarwar, ubansa bai daɗe da nutsewa a teku ba. Kowa ya watse, aka bar shi a ƙofar coci shi kaɗai. Babana ya juyo da keken doki ya kai shi gida. Ina zaune a baya." Ta ɗauki cokalinta. "Na zaci ya manta."

Ejvind bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban tambaye shi ba.