Taimama a Kan Yashi

Ranar Talata ce. Na tashi ina lissafin buhunan albasar da zan kai Kuseri. Baba yana zaure yana biya wa manya karatu, matata Hadiza tana dama koko.

Ƙarfe tara saura muka ji ƙara daga gabas. Ba irin wadda muka saba ba ce. Tup, tup, sau biyar, kamar ana jefa ƙwarya a rami. Babu wuta, babu rushewar gini. Sai wani wari kamar na tafarnuwa. Daga nan babura suka shigo, harbi ya tashi.

"Ku fita! Ku yi yamma!" in ji mai gari.

Na goya Baba, don ƙafarsa ba ta gudu. Mu goma sha ɗaya muka bi ta kwarin yashi, inda biyu daga cikin abubuwan da suka yi ƙarar nan suka faɗo. Ƙasar wurin ta yi danshi kamar an zubar da mai. Ba wanda ya kula.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka tsaya a tsohuwar rijiyar makiyaya, a bakin kwarin. Baba ya ce a ja ruwa a yi alwala. Ni na hana. Na sha jin cewa maharan nan suna zuba guba a rijiyoyi, kuma ni mai taurin kai ne, in na kafe ba mai tanƙwara ni. Na ƙwace gugar daga hannun ƙanena.

Baba bai yi musu ba. Ya dafa yashi da tafukansa, ya shafa fuska, ya shafa hannuwa. Maza shida suka bi shi. Ni ina da sauran alwala tun ta walaha.

Kafin la'asar idanunsu suka yi ja. Kafin magariba Baba ba ya gani. Fuskarsa ta tashi da ƙuraje masu ruwa, daidai inda tafinsa ya bi.

Washegari ƙarfe bakwai motar sojoji ta iso. Ƙafa shida gare ta, ko'ina a rufe, ba taga. Tana tafiya a hankali, wasu ƙananan tayoyi biyu a bayanta suna taɓa ƙasa. In ta yi ƙara, sai ta saki tuta rawaya, alamar akwai guba a wurin. Ta saki uku a kwarin. Ta huɗu ta kafa a inda Baba ya yi sujada.

Mutane biyu suka sauko, fuska a rufe da roba.

"Reculez! Ku ja baya! Ku tuɓe!"

Aka ƙone kayanmu. Aka wanke mu da tiyo, maza da mata, a fili. Sannan ɗaya ya zura kwalba a rijiyar, ya kai cikin mota. Bai daɗe ba ya fito, ya yi wa abokinsa alama da babban yatsa. Da ruwan rijiyar suka ƙarasa wanke mu.

An yi gudun gara, an faɗa gidan zago, kuma ni na nuna hanyar.

A babbar mota aka kawo mu Garwa. Baba ya yi kwana huɗu yana tari. Bai taɓa ce mini komai a kan gugar ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Cikin bakwai da suka yi taimama, uku sun makance, ƙanena yana cikinsu. Biyu suna nan suna tari har yau. Biyu mun binne, har da Baba. Ni ko ƙwarzane ban samu ba.