Zuwa Sabon Wuse a Motar da Ba Ta Shan Mai

Suleja, ƙarfe 5:20 na asuba

A shekarar 1998, da wahalar mai ta kai maƙura, maƙwabcina Mista Bulus mai gyaran wuta ya sayo wata 'yar mota a gwanjon Turawa a Abuja. Ba tanki, ba salansa, sai batura shida a ƙarƙashin kujera. Ya ce, "Baba Alhaji, zo in kai ka sunan jikanka kyauta." Ya yi ta bayanin yadda take tafiya da wutar lantarki. Ni da na tsaya a aji uku, kalmar kyauta kaɗai na gane. Muka tashi, tana tafiya shiru kamar ɓarawo ya cire takalmi.

A shingen Maje soja ya daka tsawa: "Kashe injin!" Bulus ya ce, "Yallaɓai, babu shi." Sojan ya zagaya motar sau biyu, ya ja da baya, ya ce mu wuce.

Sabon Wuse, 7:05

Mun iso allurar da ke nuna caji ta kwanta, garin kuwa kwana huɗu ba wuta. Wani mai walda ya yarda ya tayar mana da janareto, awa biyu naira ɗari huɗu, don shi ma wurin 'yan bumburutu yake sayen mai. Na ce, "Bulus, ashe tana sha, a ɓoye ne." Bai yi dariya ba. Na ci waina da naman suna.

Hanyar dawowa, 4:15

A hawan da ke kusa da Maje, inda tankokin mai ke fitowa da lodi, motarmu ta tsaya cak a tsakiyar titi. Na waiga, ga tanka cike da fetur tana tahowa da hon. Na ƙanƙame kujera.

Mutanen bakin hanya suka rugo, Allah ya saka musu, suka kama turi yadda aka saba. "Direba, giya biyu! Saki kuloci!" Bulus na ihu, "Ba ta da kuloci! Ku kai mu gefe!" Ina! Suka kai mu ƙololuwa, suka sake mu a gangara suna jiran ta tashi. Tanka ta matso har ina jin zafin injinta a ƙeyata. Na karanto duk abin da na haddace, Bulus ma yana nasa. Ya murɗa sitiyari, muka nutse cikin gonar doyar wata baiwar Allah. Iskar tankar ta tafi da hulata.

Gida, 6:40

Akori-kura ta ɗauko mu, mu da motar, naira ɗari biyu da hamsin. Na gode wa Allah, na gode wa mai gonar da ta yi noma da laushi. Matata Hajiya ta dubi wandona ta ce, "Alhaji, wannan jiƙewar fa?"

Na ce, "Ruwan batir ne. Ke ba ki san motar zamani ba."