Diyapon Kawu Tankari

Kawu Tankari ba ya aike. Ku da kunka san shi shaida ne: ko gaisuwa ba ya ba wani ya kai. Ka ce, "Kawu, za ni Dogon Kiriya, in gaida mutanenka?" sai ya ce, "Bar mini abata, ni zan kai."

To wannan mutumin ne anka gayyata Doso, taron masanan aikin gona, ya yi bayanin tsoffin irin hatsin Arewa da yake adanawa tun yana malamin gona a Kore Mairuwa. Madam mai shirya taron ta kira ta ce a aiko da diyapo, hotunan nan da ake haskawa a bango, kafin ranar. In ba su iso ba, za a cire sunansa. Ni ce ɗiyar ƙanwarsa da ta yi lise, wato sakandare, saboda haka na zama sakatare ba tare da an tambaye ni ba.

"Mi take son ta gani?" in ji shi.

"Irin hatsin, Kawu."

"Shi ke nan?"

Washegari ya ɗaure zangarniyar hatsin zango da ta maiwa da sauransu cikin buhu, ya kai wa direban taksi. Aikensa na farko a duniya ke nan, ya kuma bi motar da ƙafa har bakin tasha yana yi mata gargaɗi. Madam ta kira ta ce, "Baba, fishiyen hotuna na kwamfuta na ce!" Ya ce, "Buɗe buhun, ɗiyata. Ba ya buƙatar kuran, ba ruwansa da wutar lantarki."

Da kyar ya yarda munka ɗauki hotuna. Da Madam ta ji adadinsu ta ce sun yi yawa, a rage. Ya ce, "Ki zo ki gaya wa maiwa da bakinki ba za ta Doso ba." Ba a rage ba. Na ce aƙalla mu sa rubutu ƙarƙashin kowane hoto. Ya dube ni kamar na ci amanarsa.

"In sun karanta, ni kuma in je in yi mi? In share musu bango?"

Munka je siber, shagon intanet, a Dogon Dutsi na tura. Na ce hotunan sun tafi. Ya sa na buɗe kile, ɗan abin da munka zuba su a ciki, ya duƙa, ya ga hotunansa suna nan zaune. "Ga su nan! Rakiya, ba su je ko'ina ba!" Mai siber ya yi bayani har ya yi gumi. Kawu ya saurara tsaf, ya ce, "Allah shi ba ka lafiya," munka fito.

Daga nan kullum da hantsi sai ya zaunar da ni gaban rumbu, ni da awaki, ya yi mana jawabin daga farko har ƙarshe. In akuya ta tafi, sai ya sake.

Ran Talata yana tsakiyar bayanin maiwa ya tsaya. Na zaci akuya ce. Ya zauna a hankali, ya jingina da rumbu, bai tashi ba. Ni kaɗai ce a wurin. Har yanzu in an yi shiru tsakiyar magana sai gabana ya faɗi.

Bayan addu'ar uku Madam ta kira ta yi gaisuwa. Ta ce diyapo sun iso, buhu ma yana ofishinta, amma ba kalma ko ɗaya, ba wanda ya san wane iri ne wane. Akwai wanda ya san bayanin, ko a cire?

Akwai. Ni da awaki.

Ban taɓa magana gaban taro ba. Amma na ce mata kada ta cire, gobe zan shiga taksi.

Allah shi jiƙanka, Kawu, shi sanyaya makwancinka. Kai da ba ka aike, ga shi ka aike ni. Allah shi riƙa mini muryata har in wuce maiwa.